Ɗaya ga Janairu da dattijon da ke gudu

Duk wanda ya saba duba takardun dattawanmu a Nijar ya san cewa da yawa daga cikinsu rana guda aka haife su, wato 1 ga Janairu. Haihuwa ce ta ƙauye da ba a rubuta ba. Sai yaro ya isa shiga lakkol a yi masa takardar alƙali, a dubi tsayinsa, a rubuta né vers shekara kaza. Daga baya, da ma'aikatu suka buƙaci rana da wata, aka ɗora wa mutane farkon shekara.

Cikin waɗannan mutane akwai wani maƙwabcinmu a Yamai, tsohon malamin wasannin motsa jiki, mutumin ƙasar Maraɗi. Takardarsa ta ce 1 ga Janairun 1960. Mu Hausawa bikin suna muka gada, rana ta bakwai a yanka rago shi ke nan, kuma shi ma ba ya sayen kek ko kiran makaɗa. Abin da yake yi a wannan rana shi ne ya ninka gudunsa. Kullum bayan sallar asuba yakan yi kilomita 10, ya bi ta gefen filin wasa na Seyni Kountché ya komo. Ranar 1 ga Janairu kuwa sai ya haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, cikin sanyin hunturu, lokacin da masu shagalin sabuwar shekara ba su farka ba. In ya dawo ya dafa shayi, ya sha shi kaɗai.

Na taɓa ce masa, "Baba, wannan gudu bai yi yawa ba a shekarunka?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan liman, waɗanne shekarun? Na gwamnati ko nawa?"

Maganar tana da tushe. Laƙabin da mahaifiyarsa ta ba shi na ɗan da aka haifa ran Lahadi ne, alhali 1 ga Janairun 1960 Juma'a ce. Ya kuma ji ana cewa lokacin girbin gero ya zo duniya, ba cikin sanyi ba. Mutum ɗaya ta rage da ta san gaskiyar al'amarin: yayarsa, wadda ta goya shi, wadda za ta iya cewa daminar da aka yi kaza ce, tsakanin auren wane da rasuwar wane. Ita ce rajistar haihuwarsa. Shekara ashirin da wani abu ke nan ba su yi magana ba.

Gona ce ta raba su. Bayan rasuwar mahaifinsu, yana aiki can arewa, ƙannensa suka sayar da ita ba da shawararsa ba, yayar kuma ta yi shiru. An aiko masa da kasonsa, ya mayar. A ganina an yi masa ba daidai ba, kuma mahaifina, wanda ya zauna da shi a zaure fiye da sau ɗaya kan wannan magana, bai taɓa ce masa ba shi da gaskiya ba. Abin da yakan tambaye shi kawai shi ne nawa gonar za ta yi yau, nawa kuma shekarun nan suka ci. Shi kuwa yakan amsa cewa ba kuɗin ne ya dame shi ba, shirun ne.

Mutanen unguwa suna yi masa kallon mai taɓin hankali, domin a wurinmu dattijo ba ya gudu sai da dalili. Ni dai ban ga aibi a gudun ba. Gwiwoyinsa sun fi na wasu sa'o'ina ƙwari, bai taɓa makara sahun asuba ba, kuma wandonsa ya wuce gwiwa, ga masu son su sani. Abin da ke tsaya mini a rai lissafi ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga kuma mutumin da ya fi kowa ƙafa a unguwarmu. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita 600 ne da ɗoriya. Da kilomita 10 a rana, cikin wata biyu da ƴan kwanaki yake cinye wannan tazara, sau biyar a shekara, yana kewaya gari ɗaya.

A Janairun 2026, da ya cika 66 a takarda, wani direba ɗan garinsu ya kawo labarin cewa idanun yayar sun tafi, kuma takan kira laƙabinsa in ta ji muryar namiji a ƙofar gida. Bai ce komai ba a gaban direban. Bayan kwana uku ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Ɗan liman, motar Maraɗi ƙarfe nawa take tashi yanzu?" Na faɗa masa da asuba ne. Ya ce to, lokacin gudunsa ke nan. Na rubuta masa sunan tashar a takarda, ya ninke ta ya sa a aljihun rigar gudunsa, kuma har wannan mako ina ganinsa a kan hanyar filin wasa.