Lambar Mota da Garin da Muke Ci a Cikinsa

'Yan uwa mazauna Potiskum, yau ina so mu tattauna a kan takardun mota, domin duk ɗan kasuwa a garin nan da mota yake rayuwa. Shanun da ke fita daga kara zuwa kudu, da hatsin da mahaifina ke aikawa Kano, duk a bayan tirela suke tafiya.

Dattawanmu sun ce da suka zo, lambar Borno ake sawa, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Yobe daga Borno. Kafin nan, a 1988, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Lasisin tuƙi yana bi ta hannu uku: hukumar tara haraji ta jiha ta karɓi kuɗi, 'yan VIO su gwada direba, FRSC ta buga katin. 'Yan VIO ɗin kuma su ne masu duba lafiyar mota: birki, taya da fitila.

Ga abin da ke damuna. Da yawa daga cikinmu Hausawa, in mun sayi mota sai mu kai ta Kano ko Katsina a yi mata lamba, wai don a san asalinmu. To amma kuɗin rajista aljihun jihar da ta ba da lamba yake shiga. A nan muke sha ruwa, a nan 'ya'yanmu ke makaranta, a kan titin nan motocinmu ke bi. Yaya za mu ce a daina kiranmu baƙi, alhali harajinmu yana can?

Na biyu, lasisin bayan fage. Wani yaron mota da na sani, bai taɓa zuwa gwaji ba, ya ba wani kuɗi aka kawo masa kati har gida. Yanzu shi ke jan tirela cike da shanu a hanyar Azare. Dukiyar mutane da rayukansu ne a hannunsa.

Shawarata, wanda zai sayi mota ya yi mata lambar Yobe, wanda zai ɗauki direba ya tabbatar an gwada shi. Bolawa, Ngizim da Karekare sun karɓe mu, mu ma mu ɗauki namu kason. Allah ya tsare mu a hanya, amin.