Murjani Mai Rai A Kan Tudun Forest Hill

Murjanin da na sani tun ina yaro shi ne jan abin wuyan da kakata Hajiya take adanawa a ƙasan adaka, ba ya fitowa sai ranar biki. Sai da karatu ya kawo ni Landan na gane ashe murjani dabba ne mai rai. Irin na Hajiya daga Bahar Rum ake ciro shi, amma danginsa masu gina tsaunuka a ƙarƙashin teku sun fi son ruwan ɗumi.

Kaɗaici ne ya sa na kafa ƙaramin tankin ruwan gishiri a ɗakina. Wata uku kacal da kafa shi, na ga wani shuɗin reshen Acropora a shago, na zuba kuɗin cefanen mako biyu na saye shi. Kwana tara ya yi, naman ya saɓule, ya bar mini farin ƙashi. Da wannan takaicin na hau jirgin ƙasa wata Asabar zuwa Forest Hill a kudancin Landan.

Daga tasha sai ka haura tudu kafin ka isa gidan tarihi na Horniman, wanda wani attajirin ganyen shayi, Frederick Horniman, ya buɗe a 1901. Daga lambunsa kana hango dogayen gine-ginen tsakiyar birni. Ni kuwa ƙasa na gangara, inda tankunan halittun ruwa suke. Haske ya ragu, hayaniyar yara ta ƙaru, ga rassan murjani suna sheƙi a bayan gilashi, ƙananan kifaye na ratsa su.

A wannan gida ne, a 2013, Jamie Craggs da abokan aikinsa suka sa murjani ya saki ƙwai a cikin tanki a lokacin da suka tsara. Ba da wani magani ba: sun kwaikwayi zafin ruwa, tsawon yini da hasken farin wata na tekun da aka ɗebo shi, wata bayan wata.

Na daɗe a tsaye ina lissafa laifuffukana. Acropora na cikin murjani masu ƙashin dutse da ƙananan bakuna, waɗanda masu wannan sha'awa ke kira SPS. A cikin namansu akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, shi ke haɗa musu abinci daga haske, don haka suna son fitila mai ƙarfi da ruwa mai kai-komo. Suna son zafi wajen digiri 25 zuwa 26, gishiri giram 35 a kowace lita, kalsiyam tsakanin 400 da 450 a ma'aunin ppm, alkali kuma 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Amma abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne kada su riƙa hawa da sauka. Ni kuwa ruwa kan ƙafe, gishiri ya yi yawa, sai na tuna in kwarara ruwan famfo, maimakon tacacce kaɗan-kaɗan kullum.

Ɗan'uwa, in kana son farawa, bar tankin ya kai wata shida ko fiye. Sayi kayan gwajin ruwa kafin ka sayi murjani. Fara da masu juriya irin su Montipora da Stylophora, ka bar Acropora sai hannunka ya faɗa.

Yanzu ɗan guntun Montipora ɗaya nake da shi, ja kamar na Hajiya. Duk Juma'a bayan masallaci nakan auna ruwa in rubuta a littafi. Makon jiya na ga gefensa ya yi sabon farin baki, alamar ya fara girma.