GIDAN BURLINGTON: INDA MASANA TAURARI KE HAƊUWA RAN JUMA'A

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Piccadilly Circus a birnin Landan, ya miƙi titi ya nufi yamma, ba zai yi tafiyar minti biyar ba zai ga wata doguwar ƙofa ta dutse a hannunsa na dama. Tana daura da kantin Fortnum & Mason, inda attajirai ke sayen ganyen shayi. Yawancin masu wucewa ba su ko ɗaga kai su dube ta, domin hankalinsu yana ga kantuna. Masu shiga kuma galibi kallon zane-zane ya kawo su, gama makarantar masu zane ta Royal Academy ita ce ta cinye babban ginin da ke fuskantar mai shigowa. Kaɗan ne suka san cewa a ɗakunan da ke dama da hagu na wannan tsakar gida an yanke wasu manyan hukunce-hukunce a kan sama da ƙasa.

Sunan wurin Gidan Burlington. An fara gina shi cikin shekarun 1660, ya daɗe a hannun sarakunan gargajiya na Ingila, kafin gwamnati ta saye shi cikin 1854 a kan fam 140,000. Ban da masu zane, ƙungiyoyin ilmi biyar ke zaune a ciki: ta masana duwatsu, ta masana tsirrai da dabbobi, ta masana kayan tarihi, ta masana haɗa magunguna, sai kuma wadda ta kawo mu, watau Royal Astronomical Society, Ƙungiyar Masana Taurari ta Sarauta, wadda Turawa ke taƙaita sunanta su ce RAS.

Tun daga zauren shiga mutum zai gane cewa mutanen nan ba su yar da tsohon kaya. A ƙarƙashin bakan ƙofar akwai samfurin farko, na katako, na jan ɗakin buga waya da aka san Ingila da shi. A tsakar gida ga gunkin Joshua Reynolds, shugaban farko na makarantar zane, riƙe da alkalaminsa. Maɓuɓɓugan ruwa da fitilun da ke kewaye da shi an jera su ne bisa yadda wata da taurari suka tsaya a daren da aka haife shi cikin 1723. Ƙofar masana taurari tana hannun hagu. Ƙaramar ƙofa ce, ba dogari, ba ado, sai suna kawai.

YADDA AKA FARA

Ran 12 ga Janairu 1820 ne mutum 14 suka taru suka ci abincin dare a wani gidan saukar baƙi na Landan da ake kira Freemasons' Tavern, suka yi shawarar kafa ƙungiya. Cikinsu akwai John Herschel, da Charles Babbage, wanda ya zana na'urar lissafin da ake ɗauka ita ce kakar kwamfuta. Shugabancin farko ya faɗa kan mahaifin John, watau tsoho William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus cikin 1781. Sarki William na Huɗu ya ba su takardar sarauta cikin 1831, sa'an nan suka tare a Gidan Burlington cikin 1874. Tambarinsu hoton ƙaton madubin hangen nesa ne na Herschel, mai tsawon ƙafa 40, taken da ke jikinsa kuwa da Latinanci yake, ma'anarsa ita ce duk abin da ke haske a lura da shi.

Amma fa ba kowa aka bari ya shiga ba. Caroline Herschel, ƙanwar William, ta gano taurari masu wutsiya har takwas, ƙungiyar ta ba ta lambar zinariya cikin 1828, duk da haka wakilcin girmamawa kaɗai ta samu cikin 1835. Sai cikin 1916 aka zaɓi mata su zama cikakkun wakilai. Lambar zinariyar nan kuwa ba ta sake shiga hannun mace ba sai 1996, lokacin da aka ba Vera Rubin ta Amurka. Yau wakilan ƙungiyar sun kai wajen 4,000, maza da mata, da yawansu ma ba a Ingila suke zaune ba.

TSARIN TARO

Abin da ya riƙe ƙungiyar shekara 200 da ɗoriya shi ne mitin. Bisa al'ada ana yinsa ran Juma'a ta biyu a kowane wata, daga Oktoba zuwa Mayu. Da hantsi ake fara tarurrukan ƙwararru, inda za a ɗauki magana guda, misali tabon da ke fitowa a fuskar rana, ko girgizar ƙasa, a yini ana tattauna ta. Da la'asar, wajen ƙarfe huɗu, sai a haɗu a babban zama, sau da yawa a ɗakin lacca na maƙwabtansu masana duwatsu. A zaman Janairu ake bayyana waɗanda suka ci lambobin yabo na shekara, a na Mayu kuma ake babban taron shekara da sanar da sababbin shugabanni. Tun daga annobar 2020 aka buɗe hanyar da mutum zai saurari zaman ta intanet daga ƙasarsu.

Da bazarar Turai kuma ƙungiyar takan bar Landan, ta yi gangamin ƙasa na kwanaki a wata jami'a. An yi a Cardiff cikin 2023, a Hull cikin 2024, a Durham cikin 2025, duk a watan Yuli. A nan ne ɗalibai masu neman digirin dakta ke fara tsayawa gaban manya su faɗi abin da suka gano.

Mai karatu zai ce, to, me ya haɗa masu duban sama da masu binciken cikin ƙasa? Amsar ita ce ƙasar da muke takawa ita ma duniya ce cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Lissafin da ake auna nauyin wata da shi, da shi ake auna nata. Saboda haka tun cikin 1922 ƙungiyar ta fara buga takarda ta musamman a kan girgizar ƙasa, da maganaɗisun ƙasa, da abin da ke can cikin cikinta. Harold Jeffreys, wanda ya shugabanci ƙungiyar daga baya, shi ne ya nuna cikin 1926 cewa tsakiyar ƙasa narkakkiya ce, bayan ya lura da yadda motsin girgiza ke ratsa ta.

RANAR DA HASKE YA KARKACE

Zaman da ya fi kowane shahara a gidan nan shi ne na ran 6 ga Nuwamba 1919, wanda aka yi tare da ƙungiyar Royal Society, wadda a lokacin ita ma nan take zaune. Albert Einstein, yana Berlin, ya yi lissafi ya ce nauyin rana yana lanƙwasa hasken tauraron da ya gifta ta gefenta. Ba a iya gwada wannan sai lokacin husufin rana, sa'ad da wata ya rufe ta, taurari suka bayyana da tsakar rana. Husufin ya faɗo ran 29 ga Mayu 1919. Aka aika da ayari biyu, ɗaya Sobral a Barazil, ɗaya kuma, ƙarƙashin Arthur Eddington na Jami'ar Kambirij, ya sauka tsibirin Principe, kimanin mil 200 kudu da gaɓar tekun Nijeriya.

Ran nan aka wayi gari da ruwan sama a Principe. Eddington ya ɗauki hoto 16 ta cikin gajimare, biyu kaɗai suka yi amfani. Karkatar da ake nema kuwa ƙanƙanuwa ce ainun, kamar faɗin kwabo ne ga mai hangensa daga nisan mil biyu. In an raba digiri ɗaya kashi 3,600, Einstein ya ce hasken zai kauce kashi 1.75, lissafin Newton kuma ya ba da rabin haka. Awon Sobral ya ba da 1.98, na Principe 1.61.

A ɗakin taron, da hoton Newton rataye a bango, Frank Dyson ya karanta sakamakon, J. J. Thomson yana shugabancin zaman. Wani masani, Ludwik Silberstein, ya tashi ya yi gardama, ya nemi a yi hattara kafin a taɓa lissafin Newton, aka saurare shi, aka rubuta. Kashegari jaridu suka ɗauka, sunan Einstein ya gama duniya. Abin lura shi ne shekara guda ke nan da ƙare yaƙin duniya na farko, ga kuma malaman Ingila sun tsaya a Landan suna gaskata aikin da aka yi a babban birnin abokan gābarsu.

RANAR DA BABBA YA DANNE YARO

Kada a ɗauka kullum gaskiya ke yin nasara nan take a wannan gida. Ran 11 ga Janairu 1935 wani saurayi Ba'indiye ɗan shekara 24, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya tsaya gaban ƙungiyar. Tun a jirgin ruwan da ya kawo shi Ingila cikin 1930 ya fara lissafin abin da ke samun tauraro in makamashinsa ya ƙare. Ya nuna cewa gawar tauraron da nauyinta ya wuce na rana wajen sau 1.4 ba ta iya tsayawa, sai dai ta yi ta durƙushewa cikin kanta.

Yana zama, sai Eddington ya miƙe, shi dai wannan gwarzon na 1919. Ya mai da maganar abin dariya, ya ce lalle akwai wata ƙa'idar halitta da za ta hana tauraro yin wannan wauta. Jama'a suka yi dariya, ba a kuwa ba saurayin damar mai da martani ba. Cikin 1937 ya ƙaura Chicago. Amma rana ba ta ƙarya. Lissafinsa ya tabbata, shi ne ma ƙofar fahimtar baƙaƙen ramukan sararin sama da ake magana yau. Ita kanta ƙungiyar ta ba shi lambar zinariya cikin 1953, ya kuma sami kyautar Nobel cikin 1983.

Dalilin da ya sa muka san abin da kowa ya faɗa ran nan shi ne an rubuta. Mujallar The Observatory, wadda aka fara cikin 1877, tana buga bayanin zaman ƙungiyar, ita kuma ƙungiyar tana fitar da tata mujallar, Monthly Notices, tun 1827. Babba yana iya rufe bakin yaro a ɗaki, amma ba ya iya kankare abin da sakatare ya sa a takarda. A ganina wannan ne babban amfanin gidan: a taru a kan lokaci, a faɗi magana a gaban waɗanda za su iya ƙaryata ta, a kuma ajiye ta domin na baya su sake dubawa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Cikin lambobin yabon da ƙungiyar ke bayarwa akwai mai sunan Sydney Chapman, wanda ya shugabance ta lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ne ya raɗa wa wani kogin lantarki suna cikin 1951, kogin da ke gudu zuwa gabas da rana tsaka, a tsawon kilomita 100 da 'yan kai sama da kawunanmu. Yana bin layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, layin nan kuwa ya ratsa tsakiyar Nijeriya. Farfesa Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife, ya shafe shekaru yana auna shi, har ya rubuta littafi a kansa. Hargitsin wannan sashe na sama yana taɓa saƙon rediyo da na taurarin ɗan adam masu nuna hanya, don haka awon da aka yi a ƙasarmu abu ne da masanan duniya ke bukata a teburinsu.

Shi kansa gidan ya tsallake rijiya da baya. Gwamnati ce mai shi, ta kuma ɗaura kuɗin haya a kan darajar filaye a tsakiyar Landan, haya ta yi ta ninkawa har ƙungiyoyin suka fara maganar tashi da dubban littattafansu. Sai cikin 2024 aka daidaita a kan hayar shekara 999.

Tarurruka kuma ba a Landan kaɗai suke ba. Babbar ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi gangaminta a Cape Town cikin Agusta 2024, karo na farko ke nan a ƙasar Afirka, ta kuma sa na gaba a birnin Rum cikin Agusta 2027. A farkon wannan watan, ran 2 ga Agusta 2027, cikakken husufin rana zai bi ta Maroko, ya ratsa Luxor ta Masar, inda duhu zai wuce minti shida, ya wuce ta kan Jidda da Makka. An san ranar da sa'ar tun yanzu. Masana za su yi ayari su tafi da kayan awo, abin da suka samo kuma za a kawo shi gaban jama'a wata Juma'a da la'asar, a yi gardama a kai. Malaman jami'o'inmu da ɗalibansu da ke da abin faɗa, kalandar a buɗe take, saura shiri.