Katako a Tsaye: Abin da Rumfar Aikina ta Pissy Ta Koya Mini

Kafintan da ke aiki a cikin gidansa kullum cikin rigimar wuri yake. Iyayenmu a Zangwetan suke, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, har zuwa 2003 da aka rushe ta saboda aikin sake gina tsakiyar birni da ake kira ZACA. Wasu aka ba su filaye a Waga 2000 da Nioko, wasu suka watsu cikin gari, mu kuma muka faɗo yamma, nan Pissy, daf da Zongo, gefen hanyar Bobo-Dioulasso. Rumfar da nake aiki a ciki mita 3 ce a kan mita 4, tana jingine da katangar tsakar gida. Teburin aiki ya cinye kusan rabinta. Sauran wurin kuwa katako ne a kwance, wani kan wani, kuma duk ranar Allah wanda kake so shi ne na can ƙasa. Kafin ka ciro shi ka ɗaga goma, gumi ya jiƙa ka tun ba ka taɓa zarto ba.

Shi ya sa na yanke shawarar yin ma'ajiyar da zan tsayar da katakon a cikinta. Filanki mai tsawon mita 2 da rabi, idan ya kwanta sai ya tare hanya, idan ya tsaya kuwa wurin da zai ci bai wuce tafin ƙafa biyu ba. Lissafin mai sauƙi ne. Aikin ne ya nuna mini cewa a Pissy ƙasa da katanga su ke da ta cewa, kafin a zo batun ƙusa da guduma.

Na fara da ƙasa. Bakin katako, wato inda zarto ya yanka shi a gicciye, kamar damin karan dawa yake: ƙananan ƙofofi ne jere, suna zuƙar ruwa fiye da kowane gefe. Ka tsayar da filanki a kan dandaryar ƙasa, bakin nan ne ka miƙa wa laima, kuma inda laima ta je gara na biye da ita. Duk wanda ya ga ranar 1 ga Satumba, 2009, lokacin da ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin yini guda, ba ya ƙara raina ruwan da ke bin ƙasa. Ba sai an yi irin wannan ba ma, ruwan Agusta na yau da kullum ya isa ya malale tsakar gida. Don haka na zuba dandamalin siminti mai tudun santimita 20, tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 60. Tsakuwar daga ramin dutse na nan unguwa na sayo ta, inda ake ƙona tsofaffin tayoyi a kan dutse har ya tsage, mata su zauna cikin rana suna farfasa shi da hannu. Mutum ya ga yadda ake samun tsakuwar nan, ba zai bar ko ƙwaya ɗaya ta zube a banza ba.

A kan dandamalin na jera sanduna da tazara tsakaninsu domin iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, na shafe su da baƙin mai. Na kuma bar rata kamar faɗin hannu tsakanin ma'ajiyar da katanga. Gara ba ta tafiya a sarari, sai ta gina hanyarta ta laka. Idan akwai rata za ka ga hanyar tun tana sabuwa, ka kankare ta.

Sai katanga. Tawa ta tubalin ƙasa ce da aka yaɓe da siminti, irin ta yawancin gidajen da ke gefen Zongo. Irin wannan ba ta riƙe ƙusa idan nauyi ya ja ta. Da na nuna wa maigidana da ya koya mini sana'a abin da nake shirin yi, sai ya ƙwanƙwasa katangar da bayan yatsa, ya saurara, ya ce: "Ɗana, wannan kanta ma da ƙyar take ɗauka." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce in yi wa abin ƙafafunsa, ya tsaya da kansa. Haka aka yi: ginshiƙai uku na jan katako, kowanne da tokare daga baya, na ɗaure gindinsu da ƙarfe a cikin simintin tun yana ɗanye, na haɗa su da sanduna biyu a gicciye, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya sama da kai.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne yawan jinginar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan gara a sa tef. Katako ya miƙe sak, ɗan taɓi kaɗan zai faɗo maka. Ya kwanta da yawa kuma, cikinsa zai lanƙwashe da nauyin kansa, ya kuma riƙa tura ginshiƙai. Abin da na tsaya a kai shi ne santimita 10 a kowace mita: filanki mai mita 2 da rabi, gindinsa ya fito santimita 25. A wannan jinginar, abin da yake tura sandar sama bai wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba, sauran duk ƙasa ke ɗauka. Filankin iroko mai faɗin santimita 30 da kaurin 3 yana kai kilo 15 a wannan tsawo. Guda ashirin kilo 300 ke nan, amma turinsu a sama kamar kilo 15 ne kawai. Ka bar su su kwanta sosai yadda ake jingina tsani a gaggauce, turin sai ya ninka sau da yawa. Mutane da dama da katangarsu ta tsage ba su san daga nan abin ya fito ba.

Rabe-raben ciki ba su ba ni wahala ba. Guntayen bututun ƙarfe na soka a sandunan gicciye, tazarar santimita 35. Farin katako irin samba gefe guda, ja gefe guda, guntaye a wani akwati a ƙarshe. Sarƙa kuma uwargida ce ta sa aka yi ta. Ta ce, "Malam, yaran nan nan suke ɓuya." Na ratsa sarƙa a gaba, da ƙugiya can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Babban abin da na fahimta kuwa shi ne ba kowane katako ya cancanci tsayuwa ba. Kusan duk wanda muke aiki da shi daga kurmin Kwaddibuwa da Gana yake zuwa, wani ta jirgin ƙasan Abijan, wani a mota ta iyakar Paga da Dakola. Can iska jiƙe take. Nan kuwa, daga Disamba zuwa Maris, hunturu na busar da komai har leɓen mutum. Sabon katako yakan iso da ruwansa a jiki, kuma idan ka tsayar da shi a haka, gefen da iska ke bugu zai riga ɗayan bushewa, ya murɗe, bakinsa na sama ya tsage. Wurin sabon katako kwanciya ne, a shimfiɗe, da ƙananan sanduna tsakanin kowane filanki da ɗan'uwansa, a ɗora bulo a sama, a cikin inuwa, har ya saba da iskar garin. Saboda haka ban rabu da kwantarwa gaba ɗaya ba, na dai mayar da ita ƙarƙashin teburin aiki da bayan ɗaki. Wanda ya bushe ne kawai ke samun shiga ma'ajiyar tsaye. Siraran katakai ma ba na tsayar da su su kaɗai, sai na ɗaure su dami guda, in ba haka ba su yi baka.

Akwai ribar da ban sa a lissafi ba. Da komai ya tsaya ina ganinsa, sai na daina sayen abin da nake da shi. Har wasu guntayen madobiya na tarar a ƙasan tsohon tarin, na wani tsohon gado da na taɓa kwancewa. Itacen nan tun 2017 yana cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, saboda yadda aka yi ta sare shi ana kaiwa Sin. Yanzu ko guntunsa mai tsawon kamu ɗaya ba na bari ya shiga murhu, ƙotar kurfi da hannun aljihun tebur nake yi da su.

Ɗan'uwa kafinta, idan za ka yi irin wannan a gidanka, ka zuba dandamalin a watan Afrilu ko farkon Mayu, siminti ya kama kafin ruwa ya sauka. Ka auna tsayin kwanon rumfarka kafin ka je sayen katako, a yanka maka shi tun a wurin mai sayarwa daidai da abin da zai iya tsayuwa. Duk ranar Juma'a kafin ka rufe aiki, ka leƙa bayan ma'ajiyar da tocila ka duba ko gara ta fara gini.