Shayin Gilasgo da Girebar Gummi

Watana uku a Gilasgo ta Sikotlan wata dattijuwa maƙwabciyata ta kira ni shan shayi da ƙarfe huɗu na yamma. Disamba ce, rana ta riga ta faɗi. Na ƙi cin abincin rana, domin a saninmu wanda aka kira shan shayi ciki zai cika. Sai ga ta da tire: buta ɗaya, kofunan tangaran biyu, 'yar madara da ba ta cika ludayi ba, da faranti ɗauke da biskit huɗu, kowanne tsawon yatsa. Na yi ta satar kallon ƙofar kicin ina jiran burodi. Har muka yi sallama babu burodi babu dalilinsa.

Na kai hannu zan zuba sukari cokali na uku ke nan ta dakatar da ni. Ta ce in fara gutsurar biskit ɗin, in bar shi ya narke, sannan in kurɓa. Na bi maganarta don kunya. Abin ya rugurguje a baki tun haƙori bai gama kama shi ba, maiƙon bota ya lulluɓe harshe, sai baurin shayin ya biyo baya ya wanke shi tas, bakin ya koma neman wata gutsurar. Wanda ya taɓa cin goro ya kora da ruwa ya ji ruwan ya yi zaƙi, ya san irin wannan wasan.

Shotbired suke kiran biskit ɗin, kuma mutanen Sikotlan na tinƙaho da shi kamar yadda muke yi da kilishi. Haɗinsa na asali ba wuya: awo ɗaya na sukari, biyu na bota, uku na fulawa. Ba ƙwai, ba yis, ba ruwa, shi ya sa ba ya danƙo. Kamfanin Walkers ya fara ne daga gidan burodin da Joseph Walker ya buɗe a 1898, yau gwangwanayensa masu jan zane sun cika filayen jirgin sama. Kowane ganyen shayi kuma da yadda ake haɗa shi da biskit ɗin. Na Assam mai ƙarfi ne, yana ɗaukar 'yar madara ya kuma danne maiƙo. Na Darjeeling sassauƙa ne, ana shan sa haka nan. Earl Grey yana da ƙamshin ɓawon wani lemo, kuma a bakina shi ya fi dacewa da bota. Akwai wani na Sin da ake busarwa da hayaƙin itace. Wannan kam na sha sau ɗaya na ji kamar an ɗauraye tukunyar da ta kwana kan murhu an miƙo mini.

To, a je teburin mai shayi a tashar Gummi, ko mararrabar Daki Takwas, ko bakin kasuwar Anka bayan sallar asuba. Ga tukunya tana tafasa da citta da kanumfari, ga gwangwanayen Peak da Milo da Bournvita an jera su kamar ginin soro, ga burodi a leda. Kana zama kan benci zai ce, "Alhaji, mi za a haɗa maka? Gwangwani guda ko rabi?" Ya huda madara da tsinin wuƙa, ya antaya sukari, ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa cikin wani har kumfa ta taso. Ya tsaga burodi ya shafe shi da Blue Band, in aljihu da nauyi a soya ƙwai uku da albasa da attaruhu a cusa a tsakiya. Da zan ajiye masa kofin dattijuwar nan, na san abin da zai ce: "Wanga ai ruwan bunu na."

Mu cikin kofi muke zuba zaƙi da maiƙo duka, saboda haka abokin tafiyarsa sai ya zama burodi mai tare ciki. Su kuma sun bar kofin da baurinsa, suka kwashe zaƙin da maiƙon suka kai faranti. Dalilin a fili yake. Shayin la'asar na Ingila ana danganta farkonsa da Anna, matar basaraken Bedford, wajen 1840, wadda yunwa ke damu kafin abincin dare da ake kawowa a makare. Abin taɓa baki ne na mai jiran tebur cike da abinci. Mai shan shayi a Bukkuyum kuwa direba ne da zai kama hanyar Gusau, ko manomi mai shirin fadama, ko matashin da zai wuni cikin ramin zinare. Wannan kofin shi ne karin kumallonsa, wata rana har da na rana. Ka miƙa masa biskit biyu ka ga kallon da zai yi maka.

Abin dariya, sunan da muke kiran ganyen shayi da shi daga Gilasgo ya fito. Thomas Lipton haifaffen Gilasgo ne, a nan ya buɗe kantinsa na farko a 1871, ya sayi gonakin shayi a Silon a 1890. A gida ko ganyen Mambila aka jefa a tukunya, Lipton za a ce. Mun karɓi ganyen da sunan, farantin ne bai ƙetaro teku ba.

Ko da yake ban cika yarda da hakan ba, tun ranar da na tuna da gireba. Fulawa ce da sukari da mai, a murza, a dunƙula, a barbaɗa riɗi, a gasa. Tana rugurgujewa a baki daidai yadda shotbired ke yi, kuma sunanta ma na nuna dangantakarta da guraibar Larabawa da ake yi da man shanu. Sai dai mu ba mu san ta a gefen kofi ba. Wurinta cikin gara ne, tare da alkaki da dubulan da nakiya da cincin, a jera a manyan robobi a kai gidan ango, a raba wa dangi, yara su ci a tsaye suna zubar da gari a riga. Man shanunmu kuma a soya shi da albasa ya hau miyar kuka, shi ke nan aikinsa. Gireba sai ta koma ta man gyada, balle yanzu da satar shanu ta watsa rugage da yawa a yammacin Zamfara, ƙwaryar man ta yi tsada.

Shayin da ya dace da ita ma muna da shi: na Buzaye, koren ganyen Sin da samari ke dafawa a 'yar buta kan gawayi a majalisa, zubi uku, a ƙananan kofunan gilas. Zubin farko ɗacinsa har kunne, kuma yawanci haka ake shan sa, in an samu a haɗa da gyaɗa ko dabino. Na gwada a ɗakina da girebar da aka aiko mini daga gida, wadda na roƙa a yi da man shanu. Na kai wa dattijuwar guda biyar, ta cinye uku ta tambaye ni kantin da ake sayarwa.

Iyayenmu mata masu sana'ar kayan gara a Gummi da Anka da Bukkuyum, ku daina jiran sai an ɗaura aure. Ku ƙulla gireba bibbiyu a leda ku aika majalisar masu shayi da la'asar, ko da ta man gyada ce, za ta ƙare kafin magariba.