Abin da Na Gani a Ɗakin Gashi na Dala

Da asuba muka bar Sabuwa, muka bi ta Dandume da Funtuwa, sai bayan azahar muka shiga Kano. Asibitin Ƙashi na Dala muka kai kawuna, wanda gwiwarsa ta sandare tun da ya faɗi a babur.

A ɗakin gashi likitar ta ɓare wasu 'yan faifai masu danƙo, ta manna masa a cinya, ta jona waya. "Baba, in ka ji kamar tururuwa na bin ka, ka gaya mini." Na roƙi in taɓa ɗaya. Sanyi da laushi, sai ka ce kokon da ya kwana. Haidirojel ake ce masa, in ji ta, dangin abin nan da ke shanye fitsari a famfas ɗin jarirai.

Nata na tura wuta ne cikin tsoka. Amma ta ba ni labarin wani da masana ke ta gwadawa, wanda aikinsa lura da motsi. Gishiri ake sa masa don lantarki ya ratsa. In an manna a gwiwa aka lanƙwasa, sai ya miƙe ya sirance, wutar ta ragu, na'ura ta lissafa iya lanƙwasawar da sau nawa aka yi. A 2012 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun haɗa wani mai ruwa kusan kashi 90 cikin ɗari, yana miƙewa ninki 20 bai tsinke ba.

Nan zuciyata ta koma gida. Kawu zai yi makonni yana motsa ƙafa a zaure, ba likitan da zai san ko yana yi daidai sai mun sake haɗa kuɗin mota, mun bi hanyar da ba a bin ta da yamma. Mu ne muka fi kowa bukatar wannan abu.

Sai dai maganar bushewa. Abin da ruwa ne jikinsa, ina zai kai da iskar hunturu mai tsaga dunduniya? Ta ce suna zuba masa gilisarin don ya riƙe danshi. Ni kuma na tuno 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara saboda 'yan bindiga. Na ce, "Likita, to a yi mana wanda zai ajiye lissafinsa ko babu sabis."

Kawu dai ya lanƙwasa gwiwar har sau goma kafin la'asar, da bakina na ƙirga.