Abin da muka gani a ɗakin haɗa haƙoran roba

A taron watan jiya da yawanku kun tambaya me ya sa maganar haƙoran Baba ta ɗauki sama da wata guda, alhali kuɗin da aka tara sun cika tun makon farko. Mun yi alƙawarin kawo bayani, to ga shi. Ba za mu kama sunansa ba, amma da izininsa muka rubuta.

Duk mazaunin Sabo a nan Ibadan ya san shekarun da dattijon nan ya yi yana sasanta 'yan goro da masu lodi. Da sauran haƙoransa suka yi ta girgiza har aka cire su, sai ya daina zuwa taro. In an matsa ya zo, sai ya rufe baki da gefen rawani, ba ya cewa uffan. Abincinsa ya koma kunu da fura, ya rame. Dalilin da ya sa kwamitin jin daɗin jama'a ya yanke a yi masa haƙoran roba, sama da ƙasa, ke nan.

Mu a zatonmu abin kamar sayen tabarau ne a kasuwar Dugbe, ka gwada, ka biya, ka tafi. Sai likitar haƙori ta fara da tambayar yaushe aka yi cirewar ƙarshe. Ta ce ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana lotsawa bayan cire haƙori, musamman a watannin farko, don haka in aka yi gaggawar awo, haƙoran za su yi sako-sako ba da daɗewa ba. Baba ya haura wata uku, sai ta yarda a fara, amma ta ce zai zo sau biyar. Nan zargi ya shigo. Wasu a cikinmu suka ce ana jan aikin ne don a ci kuɗi, wani ma ya ce ya san mai yi cikin kwana biyu. Mu da muke yi wa Baba tafinta muka roƙa a bar mu mu ga inda ake aikin, aka kuwa yarda.

Ɗakin yana bayan asibitin, maras lafiya ba ya shiga. Mai haɗa haƙoran ba likita ba ne, sana'a ce daban mai karatunta. Wanda muka tarar ya ce a kwalejin tarayya ta koyon wannan aiki da ke Enugu ya yi nasa. Ya nuna mana bakin Baba a kan tebur, an zuba shi da filasta. A zuwan farko likita ta cika wani faranti mai siffar baki da kwaɓi kamar ƙullu, ta danna a dasashi, shi kuma ya zuba filasta a cikin shatin. A kan wannan ya ƙera wani farantin daidai bakin Baba shi kaɗai. Da shi aka sake awo a zuwa na biyu, aka ɗauko har lungun da kumatu da leɓe ke motsi. Ya ce haƙoran sama ba ƙugiya ke riƙe su ba, mannewa suke yi da ganɗa ta hanyar miyau, kuma in gefe bai rufe ruf ba, iska za ta shiga su faɗo.

A zuwa na uku babu haƙori ko ɗaya, sai dunƙulen kaki biyu da aka sa masa a baki. Da su likita ta auna tazarar muƙamuƙin sama da na ƙasa, ta ja layi a tsakiyar fuska, ta zaɓi girma da launin haƙora. Mai haɗawa ya ɗora wannan awo a kan wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙin mutum, ya dasa haƙora 28 ɗaya bayan ɗaya a cikin kaki, 14 sama, 14 ƙasa, yana rufewa yana duba yadda kowanne ke haɗuwa da abokinsa.

Zuwa na huɗu shi ne gwaji, kuma a nan ne muka kusa yin kuskure. Aka sa wa Baba haƙoran suna cikin kakinsu, aka miƙa masa madubi. Ya duba ya ce, “Madalla, sun yi.” Muka fassara. Likita ba ta gamsu ba, ta ce ya yi ƙirga daga sittin zuwa saba'in. Yana ƙirgawa muna jin haƙoran suna karo da juna ƙas-ƙas, leɓensa ma ba ya haɗuwa sai ya matsa. Ta ce sun yi tsawo, ta kuma ce mu fita mu tambaye shi da harshenmu ko akwai sauran abin da bai yi masa ba.

A waje ya ce, “Sakatare, wannan ba bakina ba ne. Sun yi fari kamar na yaro, kuma ina wushiryata?” Kunya ce ta hana shi faɗa a ciki, don kuɗin jama'a ne. Gaskiya, abin da ya fara fitowa daga bakinmu shi ne, “Baba, a yi haƙuri, za a saba.” Kuɗin motar ƙarin zuwa muke lissafi. Sai da ya yi shiru ya ja rawani ya rufe baki, sannan muka gane mun ɓata. Muka koma muka faɗa. Washegari muka kai tsohon hotonsa yana dariya. Aka ɗumama kakin, aka rage tsawo, aka sauya na gaban da masu ɗan duhu, aka bar 'yar tazara a tsakiya. Mako guda kawai ya ƙaru.

Da muka ga matakin gaba ne muka fahimci dalilin nacin likita. Bayan gwaji, ana binne haƙoran da kakinsu a cikin filasta, a wani akwatin ƙarfe mai ɓari biyu. A sa shi a ruwan zafi kakin ya narke, a wanke shi tas, haƙoran su tsaya a filasta, gurbin kakin ya zama rami. A kwaɓa garin roba mai launin dasashi da ruwansa, a cusa a ramin, a matse da injin matsi, sannan a dafa a ruwa mai zafin kusan digiri 70 na tsawon sa'o'i kafin a ƙara wuta. Ya ce in aka tafasa da gaggawa, robar za ta yi ƙananan ramuka a ciki, ta yi rauni, ta riƙa tara datti. In kuma ba ta dahu ba, ragowar ruwan yana iya ƙona dasashi. Haka ma hucewa, a hankali ake bari, don kada ta lanƙwashe. Bayan an fasa filastar, a sake duba haɗuwar haƙoran, a kankare kaifi, a goge har su yi santsi, a ajiye a ruwa sai ranar sawa. Da zarar an dafa, haƙori ba ya matsawa. Gyaran da yake na minti kaɗan a kaki, a roba yana iya zama sabon aiki da sabon kuɗi.

Yau makon Baba uku da haƙoransa. Na ƙasan sun ba shi wahala da farko, don harshe na ture su, kuma ya koma sau biyu an kankare inda ke ji masa ciwo. An ce ya riƙa cire su da dare, ya wanke, ya jiƙa a ruwan sanyi, ban da ruwan zafi. Goro dai sai an daka masa. Amma ranar Lahadi shi ya rufe taro da jawabi, rawaninsa a inda ya kamata.

Roƙonmu ga duk mai kai iyayensa wannan aiki: kada ya ƙosa da yawan zuwa, ya tafi da tsohon hoto, kuma ranar gwaji ya tambayi tsohon a keɓe, ya ba shi lokaci ya yi magana. Wanda ke buƙatar mai rakiya ko tafinta ya sanar da kwamiti.